Jan Biro a Hannun Kafinta

Yana da shekara arba'in da uku Kafinta ya karɓi takardar digirinsa. Shekara shida ya yi yana zuwa jami'a Asabar da Lahadi, sauran kwanakin kuma yana shago tsakanin zarto da guduma, yana haɗa ƙofofi da gadaje. Tun a shekarar farko abokan sana'arsa suka laƙaba masa Farfesa. In ya buga ƙusa ta lanƙwashe sai wani ya ce, "Yi mata haƙuri, Farfesa, ita ba ta yi karatu ba." Shi dai sai ya yi murmushi, ya zare ta ya sa wata.

Ranar da ya je karɓar takardar ya ga sanarwar, a manne jikin allon da ke bakin ofishin sashensu. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda aikinta koya wa yara matasa rubutu kyauta, take neman mutum huɗu da suka gama jami'a cikin shekara biyun da suka wuce. Za su yi wata goma a cibiyarta da ke wani gari, ana horar da su suna koyarwa, a ba su ɗaki da ɗan alawus, a ƙarshe kuma su haɗa littafi daga abin da yaran suka rubuta. Sau uku ya karanta yana neman inda aka yi maganar shekarun haihuwa. Babu. Ya zaro fensirin da ba ya rabuwa da kunnensa ya kwafi adireshin.

Yayarsa ya fara gaya wa. A gidanta ɗiyarsa take zaune tun rasuwar matarsa, shekara biyar ke nan. Yarinyar sunan mahaifiyarsu ta ci, shi ya sa yake kiran ta Mamana.

"Wata goma?" in ji Yaya, ta ajiye zanen da take ninkewa. "Kai dai ba ka gajiya. An gama da Asabar da Lahadi, yanzu kuma garin za a bari ɗungurungum. Ita fa?"

"Ai tana hannunki, Yaya."

"Na san tana hannuna. Ba hannuna take nema ba."

Da ya leƙa ɗaki ya gaya wa yarinyar, ba ta ɗago kai daga littafin lissafinta ba. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Baba." Shekararta sha biyar, kuma ta ƙware a irin ladabin da ba ya barin wa mutum ƙofar ƙara magana.

Ranar ganawa ya sa rigarsa mafi kyau, ya yi tafiyar awa bakwai a mota. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta dubi fuskarsa, ta dubi hannuwansa masu kanta, ta ce, "Kai ne aka turo saboda ƙofar banɗaki?"

"A'a, ganawa na zo."

Ta yi ta ba shi haƙuri har abin ya fi tambayar ciwo.

Shugabar cibiyar dattijuwa ce mai gilashi rataye a wuya, ba ta da yawan magana. Ta tambaye shi me ya kawo mai sana'a a hannu wurin nan. Ya shirya amsa tun a mota, amma da ya buɗe baki wata ce daban ta fito. Ya ce yana ɗan shekara sha huɗu ya taɓa rubuta labari a bayan takardar buhun siminti, ya yi ta yawo da shi a aljihu har ya yage, bai sami wanda zai nuna wa ba.

"Har yau ban san ko yana da kyau ba," in ji shi.

 Bayan mako biyu aka kira shi a waya.

Ɗakunan a saman cibiyar suke, huɗu a jere, banɗaki ɗaya da ɗan ɗakin girki a ƙarshen baranda. Sauran ukun da aka ɗauka duk ba wanda ya haura ashirin da huɗu: samari biyu da wata budurwa mai dariya kamar ana kaɗa ƙararrawa, wadda ake kira Ƴar Waƙa saboda waƙoƙin da take rubutawa. Tun ranar farko suka sa masa Kawu. Girmama shi suke yi ƙwarai. In ya shigo ɗakin girki sai a tashi a ba shi kujera, hirar da ake yi kuma ta mutu nan take, kowa ya hau duba wayarsa. Barkwancinsu duk daga cikin wayar yake, shi kuma kafin a gama yi masa bayani abin dariyar ya huce. Da yamma in za su fita sai Ƴar Waƙa ta ƙwanƙwasa.

"Kawu, za mu ɗan zaga. Ko kana hutawa?"

Tambayar ta zo da amsarta. Sai ya ce yana hutawa.

Ɗakinsa akwai gadon ƙarfe, da tebur, da taga mai kallon bayan wani kantin tayoyi. A tsaye a bakin tagar nan yake shan shayi da burodi, yana kallon tsofaffin tayoyin da aka jibge, ruwan sama ya taru a cikinsu. Kowace Lahadi da la'asar yakan kira gida. Yaya ta yi ta zuba har ta gaji, sannan ta miƙa wa yarinyar.

"Mamana, ya makaranta?"

"Lafiya lau."

"Ba abin da kike buƙata?"

"Babu, Baba. Ga Gwaggo."

Ba a yi wata ɗaya ba kowa a cibiyar ya san sana'arsa. Aljihun teburin Shugaba da ya maƙale, kujerar da ke rawa, kantar littattafan da ta lotsa, har ƙofar banɗakin nan, duk shi. Ba ya ƙi. Hasali ma in yana riƙe da guduma ne kawai yake jin ya san inda zai sa hannuwansa. Amma a taron safiyar Litinin, in ana maganar yadda za a koyar da bayanin wuri ko zancen cikin labari, ba a cika juyowa wajensa ba, sai in an zo kan abin da ya lalace.

An ba shi aji na yara goma sha biyu, ƴan shekara sha huɗu zuwa sha bakwai, Talata da Asabar da yamma. Ya shirya kamar mai zuwa jarrabawa. Yakan rubuta darasinsa tun daga gaisuwa har sallama, ya tsaya gaban allo ya bi shi layi-layi. Yaran suna zaune shiru, suna cewa "To, Kawu." A ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa kuwa ajin Ƴar Waƙa ne, bango ɗaya ya raba su, kuma bangon ba shi da kauri. Tafi, shewa, buga tebur, wani lokaci har da waƙa. Yana cikin bayani sai a kwashe da dariya a can, ya ga kawunan yaransa sun karkata wajen bangon.

Ba a hana yaro sauya aji a cibiyar. Sha biyu suka koma takwas, takwas suka koma biyar. Masu kunya sukan ce masa an sa musu darasin yamma a makaranta, washegari ya gan su suna shiga ɗakin gaba suna sunkuyar da kai. A wata na huɗu saura yarinya ɗaya.

Barkono ake ce mata, saboda bakinta. Siririya ce, shekararta sha shida, kullum murfin biro na bakinta tana tauna. Wata Asabar da suka zauna su biyu a ɗakin mai kujeru goma sha biyu, ya ce mata in tana so ta koma can ba zai ji haushi ba.

"Can hayaniya ta yi yawa," in ji ta. "Kuma Anti Ƴar Waƙa komai ka rubuta sai ta ce madalla. Ko sunanka ka rubuta, madalla. Kai kuwa in ba kyau sai ka yi shiru kana sosa kunne."

"Ina sosa kunne?"

"Sosai ma. Makon jiya har na ji tausayin kunnen."

Ranar ce ya fara yin dariya da ƙarfi a garin nan.

Daga nan ya ajiye rubutaccen darasin. Sukan zauna a tebur ɗaya, ta karanta abin da ta rubuto, shi kuma ya yi ta tambaya. In ta ce ɗaki ya yi datti sai ya ce, "Me ke ƙasa?" In ta ce mutum ya yi fushi sai ya ce, "Me ya yi da hannunsa?" Tana tsaki, tana gogewa, tana sakewa. Ya fara ƙirga kwanakin mako daga Talata zuwa Asabar, daga Asabar zuwa Talata. Sauran kwanakin jira ne kawai.

A wata na shida ta kawo masa shafi huɗu, ta ce wannan ba za ta karanta da baki ba, ya tafi da shi. Sunan rubutun "Baƙonmu".

Ya hau sama ya zauna a teburinsa da sauran hasken rana, da jan biron da cibiya ta raba musu don gyara. Labarin babanta ne, direban babbar mota, wanda yake zuwa gida sau ɗaya a wata biyu. Ta rubuta yadda yake shigowa da ledoji niƙi-niƙi, da takalmin da kullum yake yi mata kaɗan don lambar ƙafarta ta shekara uku baya ya riƙe. Yadda yake tambayar ta aji nawa take, ta faɗa, zuwa na gaba ya sake tambaya. Yadda yake kwana biyu yana barci, gida ya koma tafiya da sanɗa. Kafinta yana karantawa yana gyara ɗan abin da ba a rasa ba, harafin da ya faɗi, waƙafin da ya ɓace. Rubutun ya yi kyau, kyan da bai taɓa gani daga hannunta ba.

Sai ya zo ƙarshe. Ta rubuta: "Ranar da zai tafi nakan ji sanyi a raina, don gidan ya koma namu. Ba ƙin sa nake yi ba. Ban san shi ba ne, kuma na daina son in san shi."

Ya ajiye biron. Ya tashi ya tsaya a taga. Ba yarinyar yake gani ba, mutumin yake gani: a bayan sitiyari, baya ya ƙage, ido ya yi ja, ya tsaya a wata kasuwar bakin hanya yana juya takalmi a hannu, yana auna shi da tafin hannunsa, yana murna zai kai tsaraba.  Ya dawo ya zauna, ya ja layi a kan jimlolin ukun nan, ya rubuta a gefe da kyakkyawan rubutunsa: "Ranar da zai tafi nakan tsaya a ƙofa har motar ta ɓace. Na san saboda mu yake shan wannan wahala." Ya gaya wa kansa ai gyara ne, aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan.

Ranar Asabar ya miƙa mata. Ta bi shafukan tana gyaɗa kai, har ta zo na huɗu. Ta cire murfin biron daga bakinta.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Shawara ce kawai. Na ga ƙarshen ya yi tsauri."

"Ka san babana?"

"Ban san shi ba, amma na san abin da uba yake..."

"To ni ma ban san shi ba. Abin da na rubuta ke nan. Kuma ban taɓa tsayawa a ƙofa ba. Ko sau ɗaya."

"Ki saurara, ƴata. Wata rana za ki girma ki ga..."

"Ni ba ƴarka ba ce." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Kai ne kake cewa in faɗi abin da ke ƙasa. Na faɗa, ka share. Ka ga ƙafa ɗaya ta fi tsawo ka sa zarto. Ba tebur na kawo maka ba, Kawu."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar takardun a inda suke. A ɗakin gaba aka kwashe da tafi.

Talata ba ta zo ba. Asabar ma haka. Shi kuwa bai fasa ba: ƙarfe huɗu ya buɗe ɗakin, ya goge allon da ba a rubuta komai a kansa ba, ya daidaita kujeru, ya zauna yana fuskantar ƙofa. Duk takun da ya ji a baranda sai ya gyara zama, takun ya wuce zuwa ɗakin gaba. Ƙarfe shida ya kulle ya hau sama. Mako uku yana haka. Ya san kowane tabo da ke jikin bangon ɗakin, ya san lokacin da rana take kaiwa ƙafar kujera ta uku. Ranar Lahadi da ya kira gida, yarinyar ta ce "Lafiya lau, Baba," sai ya ji kalmomin sun shige shi ta wata hanya daban. Ya riƙe wayar bayan an kashe, ya daɗe a zaune bakin gado.

A mako na huɗu Shugaba ta kira shi ofis. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta ga rajistar ajinsa, tana so ta ji daga bakinsa. Ya zaro takardun daga aljihu, don tun ranar suna tare da shi, ya ajiye a gabanta. Ta sa gilashi ta karanta har ƙarshe, ta koma ta sake karanta shafi na huɗu.

"Jimlarka ta fi tata laushi," in ji ta. "Sai dai ba ta faru ba."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Yaran nan a gida ana gaya musu abin da ya kamata su ji, a makaranta ana gaya musu. Nan ne kaɗai wurin da muka yi musu alkawarin ba za mu sa musu magana a baki ba." Ta cire gilashin. "Saura mako biyar mu kai littafi wurin bugawa. Kowane aji zai ba da nasa, da sa hannun yaro da na iyaye. In ka ga ba zai yiwu ba, ka koma ka taimaka wa Ƴar Waƙa, ko ka riƙe mana ɗakin karatu. Ba abin kunya ba ne."

Ya ce ta ba shi adireshin Barkono da ke cikin rajista.

Da yammar nan ya sayi sababbin takardu, ya zauna ya kwafe rubutun yarinyar da baƙin biro, kalma bayan kalma, yadda ta rubuta shi. Da ya zo jimlolin ƙarshe, su ma ya rubuta su yadda suke.

Adireshin na shagon ɗinkin mahaifiyarta ne, a wani lungu da mota ba ta shiga, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da robobi. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ƙyallaye a ƙasa, riguna a rataye, mace mai tef a wuya tana taka keke. Can ciki Barkono ce a tsaye tana guga. Da ta gan shi ta kafa dutsen gugar a gindinsa, ta harɗe hannu.

Ya yi sallama ya faɗi ko shi wane ne. Matar ta tsayar da keken.

"Au, kai ne malamin? Mako uku ina tambayar ta me ya hana ta zuwa, ta ce min an rufe. Ke, ba ki iya gaisuwa ba? Kawo masa kujera."

"Bar shi, Hajiya, a tsaye ma ya yi. Ni ne mai laifi, haƙuri na zo bayarwa."

"Haba malam, babba da kai? Wannan da bakinta..."

"Gaskiya ta faɗa." Ya juya wajen yarinyar. Duk abin da ya tsara a hanya ya watse, ya ga gara ya faɗe shi yadda yake. "Ina da ɗiya, da shekara ɗaya kika girme ta. Rabona da ita wata bakwai, kafin nan ma ba wani zama muke yi ba. Da na karanta rubutunki ba babanki na kare ba. Kaina na kare. Ba ni da hurumin taɓa miki shi. Ga shi na mayar yadda yake. In kin yarda a sa a littafi, to. In ba ki yarda ba, naki ne, ki riƙe."

 Ta karɓa ta jingina da bango ta karanta, a hankali, kamar mai neman ƙwaya a cikin tsakuwa. A shafi na biyu ta ɗora yatsa.

"Wannan waƙafin ba nawa ba ne."

"Wannan kam dole ne. In babu shi, motar ce take barci ba babanki ba."

Bakinta ya ɗan motsa, ta danne. Ta kai ƙarshe, ta tsaya a kan jimlolin nan, sannan ta miƙa wa mahaifiyarta. "Sai kin sa hannu, Umma. Amma ki karanta tukuna."

Matar ta goge hannu a zanenta ta karɓa. Karatunta ba sauri, leɓɓanta na motsi. Kafinta ya juya yana kallon lungun don kada ya kalli fuskarta. Mai gyaran waya yana ta gwada wata ƙara, ta yi ta ɗauke. Da ya juyo, matar ta ɗora takardun a kan keken ta dafe su da hannu biyu.

"In babanki ya gani fa?" ta ce a hankali.

"Ya karanta," in ji Barkono.

 Sannan matar ta ja dogon numfashi ta ce, "Malam, ara min abin rubutu." Ta sa hannu a inda ya nuna mata, ta miƙo masa ba tare da ta dube shi ba. "Takalman nan suna nan cikin buhu, guda bakwai. Ni ma ban taɓa gaya masa ba."

Da zai tafi ya tambayi yarinyar ko za ta dawo aji. Ta ce za ta gani. Sau biyu kawai ta zo bayan haka, don jarrabawarsu ta matso. Sauran ranakun ya ci gaba da buɗe ɗakin yana zama, sai dai yanzu yakan zo da takarda, yana ɗan rubuta nasa, yana yagewa.

Littafin ya fito a wata na goma, ɗan siriri mai koren bango. Rubutu ashirin da shida ne a ciki: sha huɗu daga ajin Ƴar Waƙa, sha ɗaya daga azuzuwan samarin biyu, ɗaya daga nasa. Aka yi taron karatu a farfajiyar cibiya, iyaye suka cika kujeru. Dandamalin da yaran suke hawa shi ya haɗa shi da ragowar katako, kuma a baya ya tsaya, kusa da ƙofa, inda zai ga in wani abu ya motsa. Barkono ce ta tara a jerin masu karatu. Babanta yana hanya, bai zo ba. Da ta karanta jimlolin ƙarshe ba a yi tafi nan da nan ba. Wani mutum a layi na uku ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Sai can tafin ya tashi.

Bayan an tashi, yara suka yanyame Ƴar Waƙa ana ɗaukar hoto. Yana naɗe wayar lasifika Barkono ta tsaya a gabansa.

"Kawu, muryata ta yi rawa?"

"Ta yi, a shafin farko. Daga baya ta zauna."

"Kowa cewa yake ba ta yi ba." Ta gyara jakarta. "To, sai wata rana."

Mahaifiyarta ta ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa, suka tafi. Bai sake ganin ta ba.

Mutum ɗaya cibiyar take riƙewa aiki daga cikin huɗun, kuma Ƴar Waƙa aka riƙe. Bai yi mamaki ba, shi ma da shi ne mai zaɓe ita zai zaɓa. Shugaba ta ba shi takardar shaida da wata wasiƙa mai shafi biyu, ta ce duk makarantar da ya kai wa za su karanta ta har ƙarshe. Da safen da zai tafi samarin suka sauko masa da jaka, Ƴar Waƙa ta raka shi bakin titi.

"Kawu, ka yafe mu," in ji ta. "Nauyinka muka yi ta ji. Mun zaci hayaniyarmu ce ba ka so."

"Ni kuwa na zaci tsufana ne ba ku so."

Suka yi dariya su biyu, dariya mai daɗi, irin wadda da a watan farko aka yi ta da shekarar ta zo da sauƙi. Sai ga mota ta tsaya.

Da la'asar ya isa gidan Yaya, bai ko biya ta nasa ɗakin ba. Yaya ta ce ya rame, ta ce garin can ba su iya ciyar da mutum ba, ta shige ciki tana faɗa da tukwane. Ya zauna a falo, jakarsa a gefen ƙafa. Bayan kamar rabin awa yarinyar ta dawo daga makaranta. Ta ƙara tsawo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa sannu da hanya, ta miƙe za ta wuce.

"Mamana, ɗan zauna."

Ta zauna a bakin kujerar da ta fi nisa, jakar makaranta a cinya.

"Shekara shida ina tafiya Asabar da Lahadi," in ji shi. "Sannan wata goma. Ban taɓa tambayar ki yadda abin ya zame miki ba. In kina da magana ki faɗa. Ba zan katse ki ba."

"Yau?"

"Duk ranar da kika ga dama."

Ta yi ta wasa da zif ɗin jakar, ta ja ta mayar. Har ya fid da rai sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta, Asabar ce. Ina aji biyu. Na zo ta ɗaya a lissafi. Da aka kira suna aka ce uba ko uwa su fito, malamin ajinmu ne ya fito."

Ya tuna Asabar ɗin. Jarrabawa yake da ita, wadda in ya faɗi sai ya maimaita shekara. Bayanin ya taso masa har maƙogwaro, cikakke, mai hujja. Ya haɗiye shi.

"Sai kuma me?" ya ce.

"Da yawa."

"Ina nan."

Ta miƙe. "Gwaggo tana kira na," ta ce, ko da yake ba wanda ya kira. Ta ɗaga labule ta shige.

Ya zauna shi kaɗai a falon, hannuwansa a kan gwiwa. Agogon bango yana tafiya, a waje wani yana ta tayar da babur yana mutuwa. Bai san ko ya tashi ya tafi ɗakinsa ba, ko ya jira. Sai ya jiyo muryarta daga ɗakin girki, ƙasa-ƙasa, tana tambaya.

"Gwaggo, a nan Baba zai ci abinci? In ƙara kwano?"